Katin Mamaci Ya Biya Bashin Mamaci

An haife ni a cikin birnin Kano, a gidan 'yan kasuwa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma tun ina firamare nake wucewa shagonsa idan an tashi daga makaranta, ina naɗe yadi ina sauraron yadda yake ciniki. A wurinsa na fara gane cewa kaya ba su da tsayayyen farashi, domin turmin da aka taya da ƙyar a watan Safar shi ne za a yi rububinsa ana saura mako guda Sallah. Mutuwar ɗan wasa ta farko da ta taɓa ni kuwa ita ce ta Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, yana da shekara 25. Mai askin unguwarmu ya yanko hotonsa daga jarida ya liƙa a bango, hoton ya zauna a nan har ya yi ja ya yage, kuma babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa irin wannan takarda tana iya zama dukiya.

A 2009 na samu bizar Amurka ta hanyar ƙuri'ar da ake yi, lokacin 'yan Najeriya suna cikinta, muka tafi ni da maiɗakina muka sauka a Los Angeles. Takardun karatun da na je da su ba su buɗe mini ƙofa ko ɗaya ba. Na yi wankin mota, na yi gadin dare, kuma a cikin wannan hali aka haifa mana ɗanmu na fari, wanda na sa wa sunan mahaifina, shi ya sa Babana nake kiransa. Daga baya wani dattijo Bature mai ƙaramin shago a kwarin San Fernando ya ɗauke ni aikin shara da ɗaure kaya da kai su gidan waya. Abin da yake sayarwa shi ne katunan 'yan wasa, wato 'yan kwalaye da ba su kai tafin hannu ba, hoton ɗan wasa a gaba, tarihin wasanninsa a baya, waɗanda kamfanoni irin su Topps da Upper Deck da Panini suke bugawa.

Da farko abin dariya yake ba ni, ganin magidanci da furfura yana ƙirga dala ɗari-ɗari a kan kwali. Maigidan bai yi mini dogon bayani ba. Wata rana ya zaunar da ni ƙarƙashin fitilar teburinsa, ya ba ni madubin ƙara girma, ya ajiye kati biyu na ɗan wasa ɗaya, bugun shekara ɗaya, ya ce in gaya masa bambancinsu. Na duba na ce babu. Sai ya nuna mini kusurwar ɗaya daga cikinsu, inda launi ya ɗan goge har farin kwalin ya leƙo, ɗan tabon da bai kai ƙwayar gero ba, ya ce wannan kaɗai ya raba kuɗin katin gida huɗu ya bar masa kashi ɗaya. Daga ranar na fara koyon duba kusurwa da gefe da fuskar kati da zaman hoto a tsakiya, domin su ne kamfanonin tantancewa irin su PSA da Beckett suke dubawa kafin su ba kati maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri. Na kuma koyi cewa katin shekarar farko ta ɗan wasa shi ne uban tafiya, sannan wanda ɗan wasan ya sa wa hannu da alƙalaminsa, sannan wanda aka buga 'yan kaɗan aka rubuta lambarsu a jiki.

Dattijon nan yana da wani aljihun tebur da ya keɓe wa 'yan wasan da suka mutu da ƙuruciya, kuma a kansa ne na fi jin hirarsa. Ya fi son ba da labarin Roberto Clemente, ɗan wasan besbol daga Puerto Rico, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 31 ga Disamba, 1972, yana da shekara 38, a kan hanyar kai kayan agaji ga mutanen Nikaragua da girgizar ƙasa ta afka wa. Ya riga ya gina sunansa a fili, sannan ya mutu a kan aikin alheri, shi ya sa har yau akwai kyautar da ake bayarwa da sunansa kowace shekara, kuma katinsa na 1955 bai taɓa rasa mai nema ba. A gefensa akwai Len Bias, ɗan wasan ƙwallon kwando wanda ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓa a 1986, ya mutu bayan kwana biyu da zaɓen sakamakon hodar iblis yana da shekara 22, bai buga ko wasa ɗaya a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba. Maigida yakan ce mutane suna tuna Clemente da abin da ya yi, Bias kuwa da abin da suke zaton zai yi, kuma zato ba ya daɗewa a kasuwa. Na ga misalin haka da idona a Satumbar 2016, lokacin da José Fernández, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Miami Marlins, ya mutu a haɗarin jirgin ruwa yana da shekara 24. Katunansa sun tashi a makon, amma da rahoton hukuma ya fito bayan wasu watanni cewa shi ne yake tuƙa jirgin kuma akwai giya da hodar iblis a jininsa, ga mutum biyu da suka mutu tare da shi, sai aka daina tambayarsu a shagonmu.

A garin da nake zaune kuwa babu sunan da ya kai na Kobe Bryant, ɗan wasan ƙwallon kwando. Shekara 20 ya yi a ƙungiyar Lakers, daga 1996 zuwa 2016, ya ci kofin NBA sau biyar, ya taɓa zuba maki 81 a wasa ɗaya da Toronto a Janairun 2006, ya kuma yi sallama da ƙwallon kwando da maki 60 a wasansa na ƙarshe. Babana ya taso yana jin wannan suna a makaranta da titi, har ya zama ba ya jefa takarda a kwandon shara sai ya kira shi. Saboda shi na fara tara katunan Kobe, ina saye ɗaya-ɗaya daga albashina da rangwamen ma'aikaci, mafi yawansu na shekarar farko bugun Topps na 1996. Wata shekara da ciniki ya yi kyau maigida ya ba ni wani mai ɗauke da sa hannun Kobe a maimakon kyautar ƙarshen shekara. Na zuba su duka a akwatin takalmi na ce wa yaron nasa ne, zai karɓa idan ya girma.

Ranar Lahadi 26 ga Janairu, 2020, gari ya waye da hazo mai kauri. Kafin azahar labari ya cika waya cewa jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a tsaunukan Calabasas, tafiyar da ba ta da nisa da shagonmu, kuma Kobe yana ciki. Zuwa yamma aka tabbatar mutum tara ne suka mutu, har da 'yarsa Gianna mai shekara 13, suna kan hanyar zuwa wasan 'yan mata da yake horarwa. Shekararsa 41. Babana ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci, ni kuma na rasa abin da zan ce masa, domin ban taɓa koya masa yadda ake makokin mutumin da bai san da zamanka a duniya ba.

Washegari da na je shago na tarar da mutane a ƙofa tun kafin a buɗe. Akwai wata mata da ta shigo sanye da riga mai lamba 24, lambar da Kobe yake sawa, idanunta a kumbure, ta ce ko wane kati ne a ba ta, ita dai tana son abin da za ta riƙe. A bayanta akwai wani da ban taɓa gani ba, wayarsa a hannu yana duba farashi a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ya ce zai kwashe duk abin da muke da shi na Kobe a kan kuɗin da ke liƙe a jiki, alhali ya san a intanet sun riga sun ninka sau biyu, sau uku, wasu ma fiye. Maigida ya ɗauko wani kati mai araha ya miƙa wa matar kyauta, sannan ya sa mabuɗi ya kulle gilashin da katunan Kobe suke, ya ce babu sayarwa sai bayan mako guda. Mutumin ya fita yana zage-zage. Ni dai na tsaya ina kallo, raina ya rabu biyu, domin ɗan kasuwan da ke cikina ya riga ya fara lissafin akwatin takalmin da ke gida, kuma na ji nauyin wannan lissafi, ganin ko gawar mutumin ba a binne ba.

Da na natsu na fahimci dalilin tashin. Wani ɓangarensa jimami ne, kuma jimami yakan lafa. Wani ɓangaren kuwa lissafi ne mai tushe: hannun da ke sa hannu ya daina motsi, don haka adadin katunan da ya sa wa hannu ya tsaya inda yake har abada. Amma katunan gama-gari na shekarun 1990, waɗanda aka buga da yawan gaske, mutuwarsa ba ta rage ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ma fito da su da ta yi daga ɗakunan ajiya. A makonnin ne kuma na fara ganin sa hannun jabu yana yawo fiye da kowane lokaci, domin macuta sun san mai kuka ba ya duba kusurwa.

Ba mu gama da wannan ba sai annobar korona ta shigo. Ranar 19 ga Maris gwamnatin Kalifoniya ta ce kowa ya zauna a gida, aka rufe shago, albashina ya tsaya. A watan Afrilu, ana gab da azumi, lokacin da dattawan Kano suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya kira ni da tsakar dare a kan mahaifinmu ya ce: "Sai haƙuri, Alhaji ya rigamu gidan gaskiya." Najeriya ta riga ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje tun ƙarshen Maris, ba a sake buɗe su ba sai Satumba. An yi masa sutura an kai shi makwanci ina zaune a falo a wata nahiya, waya a kunne, ina jin muryoyin 'yan uwa suna amsa gaisuwa. Ban ga fuskarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, kuma wannan ciwo ne da har yau ban samu maganinsa ba.

Da aka zo rabon gado sai littafin shagonsa ya nuna abin da ya ɓoye mana. Shekarun ƙarshe kasuwa ta juya masa baya, ya karɓi kaya bashi a wurin manyan diloli, kuma abin da ya rage a shagon bai kai rabin abin da ake binsa ba. Mutanen sun yi kara, babu wanda ya ɗaga murya, amma duk Musulmi ya san matsayin bashi a kan mamaci. Hajiya ta daina barci, a kan haka kuma ciwon ƙodarta ya tsananta har likitoci suka ce sai an fara yi mata wankin ƙoda. Duk lokacin da muka yi waya maganarta ɗaya ce: "Ku sauke wa mahaifinku nauyin nan." Ni ne ɗan da ke Amurka, kowa ni yake kallo, ga shi ba ni da aiki, kuɗin tallafin da gwamnati ta raba kuma haya ta cinye su.

A daidai wannan lokaci kasuwar kati ta haukace. Mutane suna zaune a gida da kuɗin tallafi a hannu, babu wasanni babu tafiye-tafiye, sai suka afka wa katuna, har waɗanda ba su san bambancin Topps da Panini ba suka zama diloli. Zuwa Maris ɗin 2021 an yi gwanjon wani katin Kobe na shekarar farko, bugun Topps Chrome mai sheƙi da ya samu cikakken maki, a kan kusan dala miliyan 1.8, kuma a ƙarshen watan PSA ta dakatar da karɓar mafi yawan katuna saboda sun yi mata yawa. A watan Mayu shagunan Target sun daina sayar da katunan wasanni na ɗan lokaci bayan wani faɗa da aka yi a kansu. Nawa ba su kama ƙafar waccan daraja ba, amma da na yi lissafi na ga akwatin takalmin zai iya biyan bashin Alhaji.

Na daɗe ina juya maganar kafin in furta ta. Na fara zuwa wurin wani malami a masallacin da muke Juma'a, na gaya masa ina jin kamar zan ci riba ne daga mutuwar mutum. Ya ce mini abin da na mallaka ta hanyar halal, in na sayar da shi a kan farashin da aka yarda ba tare da ɓoye aibi ba, babu laifi a kaina, amma ya gargaɗe ni da abu biyu da suka cika wannan kasuwa: sa wani ya yi tayin ƙarya don a ɗaga farashi, wanda shari'a ta hana, da sayen rufaffen ƙunshi da fatan a dace da kati mai tsada, wanda ya ce ya fi kusa da caca. Maiɗakina kuwa abu ɗaya ta tuna mini: "Abban yara, ai kayan ba naka ba ne, ka riga ka bayar."

Saboda haka na zaunar da yaron, lokacin yana da shekara goma, na ce: "Babana, mai sunanka ya tafi da bashi a wuyansa, kuma ba ni da abin biya sai akwatinka." Ya yi shiru, ya tambaye ni ko har da mai sa hannun. Na ce shi ne ma ya fi kawo kuɗi. Ya tashi ya ɗauko akwatin ya ajiye a gabana, ya ce: "Abba, ka sayar." Bai yi kuka a gabana ba, amma mahaifiyarsa ta gaya mini abin da ya faru bayan ya shiga ɗaki. Maigida ya taimaka mini muka sayar da su a hankali cikin watannin farko na 2021, na tura kuɗin gida, Yaya ya bi masu bashi ɗaya bayan ɗaya yana biya a gaban shaidu. Ranar da ya biya na ƙarshe Hajiya ta kira ni, ta kasa magana, sai albarka take ta sa mini da ni da jikanta.

A 2022 kasuwar ta faɗi. An koma aiki, tsadar rayuwa ta tashi, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa, sai katunan gama-gari suka zube, har irin waɗanda na sayar wasu suka koma ƙasa da rabin kuɗinsu. Wani saurayi da ya sayi biyu daga cikin nawa ya dawo shago yana neman a saya, na gaya masa farashin ranar, ya tsaya yana kallona. Ban cuce shi ba, kayan na gaske ne kuma shi ya taya, amma sanin cewa asararsa tana cikin kuɗin da suka sauke nauyin mahaifina bai bar ni na yi barci mai daɗi a daren ba. Katunan da ba su da yawa a duniya kuwa ba su bi sauran ƙasa ba, domin a Fabrairun 2022 ma an sayar da wani na Kobe a kan dala miliyan 2.

Abin da mutuwa ta yi wa sunan Kobe ya fi daɗewa a kan abin da ta yi wa farashi. Kafin 2020 gardama ake yi a kansa a shagonmu kusan kullum: wasu su ce ya cika son kai da ƙwallo, wasu su ɗora masa laifin rabuwarsa da abokin wasansa Shaquille O'Neal, wasu su tayar da tuhumar fyaɗe da aka yi masa a jihar Colorado a 2003, wadda masu gabatar da ƙara suka janye a 2004, aka kuma sasanta ƙarar diyya a wajen kotu. Bayan haɗarin wannan gardama ta ɗauke kusan gaba ɗaya. Aka koma maganar naci da tashin asuba don atisaye, da uban da ya tsaya wa 'ya'yansa mata. Hukumar NBA ta sa sunansa a kyautar gwarzon wasan taurari, aka shigar da shi zauren fitattun 'yan ƙwallon kwando, aka kafa mutum-mutuminsa a gaban filin Lakers a Fabrairun 2024. Ni da na taso inda ake cewa a ambaci alherin mamaci ban ga aibin wannan ba, sai dai na lura cewa a nan kyautata sunan mamaci da kasuwancinsa suna tafiya tare, har yakan yi wuya ka gane wanne ne yake jan wani. Sauran mutum bakwai da suka mutu a jirgin, su ma iyaye ne da 'ya'ya, amma kaɗan ne daga masu shigowa shagonmu za su iya kawo sunan ko ɗaya.

Yanzu maigida ya tsufa ya bar mini kula da shagon, kuma na riƙe al'adarsa ta kulle gilashi idan ɗan wasa ya mutu, ko da yake yaran da ke aiki tare da ni suna ganin asara ce kawai, kuma ta fuskar lissafi suna da gaskiya. Wanda ya zo saye a irin wannan mako nakan ce masa ya dawo bayan wata shida, in har yana son katin a lokacin, zai same shi da sauƙi. Hajiya tana nan ana ci gaba da yi mata wankin ƙoda, Babana kuma ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantarsu, bai sake tambayata maganar akwatin ba.

A Agustan 2025 aka yi gwanjon wani kati mai ɗauke da sa hannun Michael Jordan da na Kobe a kan dala miliyan 12.9, labarin ya kai har Kano. Yaya ya kira ni ya ce: "Kai, ba irin wannan ka sayar ba kuwa?" Na yi masa bayani cewa wancan guda ɗaya ne tak a duniya, namu kuwa akwai dubbansu, kuma da mun jira da ba su biya ko rabin bashin ba. Ya ce to, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, amma daga muryarsa na san bai gamsu ba, kuma har yau idan maganar ta taso yakan ce na yi gaggawa.